Tuwo Ba Zunubi Ba Ne

Na san an saba a wannan fili a yi maganar jigo da salo da yadda ake gina tauraro, amma ni yau maganar tuwo na kawo muku. Wanda ya ga kamar na ɓata hanya ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, zai ga inda zancen ya taɓa alƙalaminsa. Tun yanzu kuma ina faɗa, akwai waɗanda ransu zai sosu, musamman 'yan uwana mata masu sa talla a tsakiyar labari. Ban zo neman faɗa ba, amma ba zan yi kwana-kwana ba.

Watanni kaɗan da suka wuce aka yi bikin 'yar gwaggona. Lokacin ina cikin sati na biyar da fara rage abinci, domin likita ya auna ni ya ce nauyina ya wuce kima, ga shi Ummana tana fama da ciwon suga, kakata ma da shi ta rasu. Na daina shan lemon kwalba, na rage tuwon dare, ina taka ƙasa bayan sallar Asuba. Kilo uku suka sauka, ina ta murna. Ranar yinin biki na shiga gidan cikina babu komai tun safe, da niyyar ba zan taɓa komai ba sai ɗan farfesu. Gwaggo ta hango ni ta ce, "Ke 'yar nan, zo nan. Abincin gidana ne ba kya ci? Ko wani abu na yi miki?" Na ce, "A'a Gwaggo, a ƙoshe nake." Ta ce, "Ƙaniyarki, karɓi nan." Waina ce da miyar taushe, da zafinta. Na ci uku. Da na ga na riga na ci uku, sai zuciyata ta ce ai yau ta riga ta ɓaci, a ƙarasa kawai. Na ƙara huɗu, na bi da shinkafa, na bi da alkaki, na kora da lemon da na yi wata guda ban sha ba. Da dare na dawo gida da ledar cincin da dubulan, kafin in kwanta babu ko ɓurɓushi a cikinta.

Da safe na hau sikeli. Kilo biyu sun dawo. Na zauna a bakin gado na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, na kira kaina sunayen da ba zan yarda wani ya kira ni da su ba. Sannan na yanke wa kaina hukunci: kwana biyu babu abinci, sai wani shayin rage tumbi da na saya wajen wata mata a intanet. Rana ta biyu da la'asar ina cikin adaidaita sahu na ji garin yana juya mini, gumi mai sanyi ya rufe ni. Direban ya tsaya ya ce, "Hajiya lafiya? Ko a kai ki asibiti?" Na ce masa babu komai, alhali ƙafafuna rawa suke yi. A daren nan, wajen ƙarfe ɗaya, na tsinci kaina tsaye a kicin cikin duhu ina tura burodi a baki, guda sukutum, ina sauraren motsi kamar ɓarauniya a gidan ubana. Da gari ya waye nadamar ta dawo, ta ninka ta jiya.

Ga abin da na zo faɗa. Wannan nadamar da muke yi bayan mun ci abinci ya wuce kima, wadda muke ɗauka alamar muna da zuciya ce, ba ta taɓa rage wa kowa ko giram ɗaya ba. Ita ce ma take shirya cin da zai biyo baya. Akwai masu cin kasuwa da ita, akwai kuma masu shuka ta a zukatan yara mata, kuma mu marubuta muna sahun gaba a cikinsu.

Mu fara da lissafi, domin lissafi ba shi da son kai. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Baligar mace tana buƙatar kimanin kalori 2,000 a rana. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ke nan kafin in tara kitse kilo biyu a yinin biki ɗaya, sai na ci abincin kwana bakwai ko takwas a kan na ranar. Waina bakwai da faranti ɗaya da ledar cincin ba su kai nan ba, ko kusa. To mene ne sikelin ya nuna mini? Abincin da bai gama wucewa ba, da ruwa. Gishirin miyar biki yana sa jiki ya riƙe ruwa. Shinkafa da waina kuma jiki yana mayar da su sukari ya ajiye a hanta da tsoka, kowane giram na wannan ajiyar yana tafiya da ruwa kimanin giram uku. Da na koma cin abincina na yau da kullum, cikin kwana uku ko huɗu da mafi yawan nauyin ya tafi da kansa. Ruwa na yi wa kuka, ruwa na yi wa azumin dole.

Sai maganar horon yunwa. A tsakanin 1944 da 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, don a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta galabaitar. Samari 36 lafiyayyu suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci na tsawon sati 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya faru da tunaninsu ya fi abin da ya faru da jikinsu ban mamaki. Hirarsu ta koma abinci, mafarkinsu abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki. Ɗaya daga cikinsu ya kasa riƙe kansa a wani shago ya cinye biskit da gugguru da ayaba, sannan ya dawo ya yi amai yana tsine wa kansa. Da aka sake su ci yadda suke so, wasu suka riƙa ci har cikinsu ya yi ciwo ba su ji sun ƙoshi ba. Waɗannan maza ne da aka tantance lafiyar jikinsu da ta ƙwaƙwalwarsu kafin a fara. Yunwa ce ta mayar da su haka. Idan ciki ya daɗe babu komai yana sakin wani sinadari da likitoci ke kira girelin, wanda aikinsa shi ne ya matsa wa ƙwaƙwalwa lamba har sai an ci. Burodin da na tura a kicin ƙarfe ɗayan dare, tun ranar da na yanke wa kaina hukuncin kwana biyu na yi odarsa.

Wannan "ai yau ta riga ta ɓaci" da zuciyata ta faɗa a gidan Gwaggo ma an daɗe da gano ta. A 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Peter Herman da Deborah Mack, suka tara ɗalibai mata, suka ba wasu madara mai sukari da aka kaɗa, wasu ba a ba su ba, sannan aka ajiye wa kowa ayis kirim aka ce ta ɗanɗana yadda take so. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci, da suka sha madarar sai suka ci ayis kirim kaɗan, domin sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka sha madarar sai suka fi cin ayis kirim ɗin. Dokar da suka kafa wa kansu ta karye, sai suka saki linzami gaba ɗaya. A 2007 kuma Claire Adams da Mark Leary suka ba ɗalibai mata donot suka ci, sannan aka gaya wa wasu daga cikinsu cewa kowa yakan ci irin wannan wani lokaci, kada su tsananta wa kansu. Daga baya aka kawo alewa. A cikin masu takura wa kansu, waɗanda aka kwantar wa hankali su ne suka ci alewa kaɗan. Ku lura da kyau: wadda aka sauke wa nauyin laifi ita ce ta iya tsayawa. Mu kuwa muna ganin in ba mu zagi kanmu ba za mu lalace. Garin neman gira muke rasa ido.

Yanzu ku saurari kalmomin da muke amfani da su. "Na yi laifi jiya." "Na karya." "Sai na rama." "Yau ranar kaffara ce." Mun kwaso harshen zunubi da tuba mun ɗora a kan waina. Na san wani zai ce ai addini ya hana almubazzaranci da cika ciki. Haka ne. A Suratul A'araf, ayar da ta halatta ci da sha ita ce ta hana wuce iyaka, kuma kowa ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki kashi uku. Amma ku duba, a cikin kashi ukun nan ɗaya na abinci ne, kuma ma'auni ne na kowace rana, ba na ranar da aka ji haushin kai ba. Addinin da ya kwaɗaitar da mu yin sahur da gaggauta buɗa-baki, ya kuma hana wisali, wato haɗa azumin kwana biyu ba tare da an sha ruwa a tsakani ba, ta yaya za a ce shi ya sa ni kwana biyu da yunwa saboda alkaki? Azumin Litinin da Alhamis sunna ce mai lada, babu mai ja. Sai dai kowace ta tambayi zuciyarta tsakani da Allah: wanda ta tashi da shi ranar Litinin bayan bikin Lahadi, don wa ta yi shi? Don Ubangiji ko don sikeli? Wanda ya wuce iyaka, gyaransa shi ne ya dawo tsakiya. Tsallakawa zuwa ɗaya gefen wata wuce iyakar ce.

To wa ke amfana da wannan nadama? Mai shayi. Ban taɓa sayen shayin rage tumbi ina cikin natsuwa ba, sai a safiyar da na tsani kaina, kuma masu sayarwa sun san haka. Shi ya sa tallarsu take yawaita bayan Sallah da lokacin bukukuwa. Wanda na saya babu sunan kamfani a jikinsa, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka haɗa, sai hoton wata mata kafin da bayan. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali jiki ya riga ya tsotse ƙarfin abinci tun a ƙaramin hanji. Abin da ke fita a banɗaki ruwa ne da gishirin jiki, har da wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Sikeli ya sauka da kilo ɗaya, kitse yana nan inda yake, jiri ya kama mutum a cikin adaidaita. Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani magani mai suna sibutiramin an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma bayan nan hukumomin magunguna sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, shafin da ke sayar da shayin rama sau da yawa shi ne yake sayar da kayan ƙiba. Sama a ce "ki ciko ki yi kyau", ƙasa a ce "ki rage tumbi kafin a yi miki kishiya". Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu dekzametazon ne, suna kumbura fuska suna ɗaga sukari da hawan jini. Yarinya ta sha kafin aure don ta ciko, bayan haihuwa biyu ta koma wurin matar nan ta sayi shayi don ta rame. Kuɗi biyu, jiki ɗaya. A gida ma haka: gwaggon da ta ce ko wani abu ta yi miki da ba kya cin abincinta, ita ce za ta kalle ki a gaban mutane ta ce, "Ke wannan jiki haka, wa zai ɗauka?" Ba da mugunta take faɗa ba, haka ita ma aka yi mata. Amma yarinyar da aka saka a tsakanin waɗannan maganganu biyu, duk inda ta juya mai laifi ce.

Yanzu na iso gida. Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Ku buɗe littattafan da muke sakewa a WhatsApp da Wattpad ku duba abubuwa uku.

Na farko, yadda tauraruwa take cin abinci. An jera mata kuloli a kan tebur, ta yi cokali biyu ta ture faranti ta ce ta ƙoshi, jarumi kuma yana lallashinta ta ƙara. Babi arba'in ba ta taɓa jin yunwa ba, amma ga ta da ƙirar kalangu. Mun mayar da rashin ci alamar aji da tarbiyya. Yarinya 'yar shekara sha shida da ta karanta wannan, sannan ta cinye ɗan wake kwano guda bayan ta dawo makaranta da yunwa, me muka gaya mata game da kanta?

Na biyu, wa muke ba ƙiba? Muguwar uwar miji, kishiya mai bin bokaye, ƙazamar uwargida, ƙawa mai ba da dariya. Idan muna so mai karatu ya tsani mace tun kafin ta buɗe baki, sai mu ce ta shigo tana haki, kujera ta yi ƙara da ta zauna, tana tura loma miya na zuba a zaninta. Wannan lalaci ne a rubutu kafin ya zama zalunci. Marubucin da ya kasa nuna mugunta ta hanyar aiki da magana shi ne yake aro tumbi ya yi masa aikin. Na yi wannan da hannuna a wani gajeren labari da na karanta a taron ƙungiyarmu, aka yi ta dariya na ji daɗi. Sai daga baya na tuna da wata baiwar Allah da ke zaune a layin baya, wadda ba ta yi dariya ba, kuma da aka raba abinci ta ce tana azumi.

Na uku shi ne mafi muni. Uwargida ta yi ƙiba, miji ya ƙaro aure, ta yi kuka, ƙawarta ta kawo mata wani haɗi, cikin babi biyu ta koma kamar budurwa, miji ya dawo yana rarrafe. A ƙasan shafin kuma ga lambar waya: mai buƙatar irin haɗin ta tuntuɓi Hajiya wance. Wannan talla ce aka yafa mata mayafin labari. Na san data ba kyauta ba ce, na san marubuciya tana kwana tana buga rubutu a waya babu mai biyanta, kuma kuɗin talla halak ne idan hajar ta halak ce. Ki tallata atamfa, ki tallata turaren wuta, ki tallata yaji. Amma abin da za a haɗiya, wanda ke kanki ba ki san me ke ciki ba, kin saka shi a bakin tauraruwar da masu karatu suka amince da ita, in ya illata ƙodar wata, ki sani da hannunki a ciki.

Na san martanin da zai zo, bari in tare shi tun daga nan.

Wani zai ce, "Wato kina cewa kowa ya saki jiki ya ci?" A'a. Ni da ke kallon Ummana tana soka wa yatsanta allura kowace safiya don auna suga, ba za a koya mini illar ƙiba ba. Har yau ina kan rage nauyi. Abin da nake cewa shi ne a kai yaƙin inda abokin gaba yake. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kimanin 120. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana da sukari kimanin giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma, kuma wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce a yini guda. Lemon kullum da man da ake malalawa a miyar kullum su ke gina tumbi, ba wainar bikin da ake yi sau ɗaya a wata ba. Kuma abin da ake nema bai kai yadda masu shayi ke zuzutawa ba. A 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, maganar kilo biyar da rabi ake yi, a hankali, cikin watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani kuma zai ce, "Ana kwana da yunwa a ƙasar nan, ke kina kukan kin ƙoshi." Wannan maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Duk mun ga yadda mutane suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agustan 2024, kuma kowa ya san gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a layinsu. Amma ina tambaya: kukan da na yi a bakin gado, cikin wa ya cika? Kwana biyun da na yi da yunwa, wane almajiri ya samu loma a dalilinsu? Kuɗin da na ba mai shayi da ya sayi abincin da zai ciyar da wani gida. In har yunwar maƙwabci ce ta dame ki, ledar cincin ɗin nan ki miƙa ta ta katanga tun kafin ki shiga ɗaki da ita. Wannan ya amfani mutum biyu. Zagin kai bai amfani kowa ba.

To me za a yi a safiyar da ta biyo bayan biki? Ga abin da na koya bayan na sha wuya. Ki karya kumallo a lokacinsa, irin wanda kika saba, kada ki tsallake. Ki sha ruwa, ki taka ƙasa yadda kika saba ba tare da ninkawa don horo ba. Ki bar sikeli ya huta kwana uku, dama awo sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ya wadatar. Sannan ki ɗauki biro, tunda mu marubuta ne, ki rubuta abin da ya faru kafin cin: yunwa kika kai wurin? Ranki a ɓace yake? Barci kika rasa? Rashin barci kansa yana ƙara jin yunwa. Ni da na rubuta nawa sai na ga kuskurena ba a waina ta uku yake ba, yana can tun safe da na fita ban ci komai ba. Yanzu kafin in je biki sai na ci ƙwai ko wake a gida, in na je in zaɓi abin da na fi so in ci shi a zaune a gaban mutane. Idan Gwaggo ta ƙaro sai in ce, "Gwaggo a zuba mini a kwano in tafi da shi, Umma ma za ta sa albarka." Ita ta ji daɗi, ni na tsira, ƙannena sun samu.

Akwai kuma inda shawarar 'yar uwa ba ta isa ba. Idan cin da mutum ke kasa tsayar da kansa yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, a ɓoye, da kunya da ƙunci bayansa, wannan lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba suna nata na kanta tun 2013, kuma ana maganinta. Haka wadda ke sa yatsa a maƙogwaro bayan ta ci, ko take dogaro da maganin wankin ciki. Wannan ta ga likita, ko da za ta fara da gaya wa wata babba da ta yarda da ita ta raka ta. Babu abin kunya a ciki. Haka mai ciwon suga ko gyambon ciki ko mai juna biyu, kada ta kuskura ta yi wa kanta horon yunwa.

Na rufe da ƙalubale gare mu. Matar nan da ke tsaye a kicin ƙarfe ɗayan dare tana cikin masu karanta mu, wataƙila ma tana cikin wannan zauren. Ba ta taɓa ganin kanta a littafi ba sai a matsayin abin dariya. Wa zai rubuta ta yadda take? Da sanyin siminti a ƙafarta, da kunnenta a ƙofar ɗakin Umma, da abin da aka faɗa mata da rana wanda ya hana ta barci. Ba tare da an yi mata ba'a ba, ba tare da wata ƙawa ta kawo haɗin mu'ujiza a babi na gaba ba, ba tare da an sa ramarta ta zama ladan da zai dawo da miji ba. A bar ta ta wayi gari ta dama kunu ta sha, ta fita harkarta. Duk wanda ya gwada, ko shafi ɗaya ne, ya ajiye mana a ƙasa mu karanta mu yi gyara tare.

Masu talla kuma ina jiran ku, na san ba za ku bar ni ba. Ku zo da hujja, ni ma zan saurara. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure daga gare ni ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa alƙalumanmu su zame mana hujja ranar gobe. Sai mun haɗu a sharhi.